Barkonon da Ya Ƙaryata Tauraron Ɗan Adam

Ba zan taɓa mantawa da kakar da aka ba ni amanar wani fili ba. A jami'a nake aiki a Wudil, sai Dakta Binta ta sashenmu ta kafa na'ura a wani fili wajen garin Darki, aka kewaye shi da waya. Na'urar ƙasa take kallo, tana auna hasken da ƙasar ke mayarwa, ta aika sakamakon da kanta. Idan tauraron ɗan adam ya wuce da hantsi, sai a gwada abin da ya gani da abin da ta gani, a gane ko idonsa ya fara rauni. Dakta ta yi shekaru tana fafutukar a sa filin cikin waɗanda masana ke dogaro da su, kuma wannan ce shekarar gwaji.

"Malam, aikinka ɗaya ne," in ji ta. "Kada komai ya taɓa ƙasar nan." Na ce to (a raina awaki take nufi).

Ni kuwa ina ɗan taɓa noma. Barkonona ya nuna, ga fili fes, ga waya, babu akuya babu kaza. Na shanya shi daidai ƙarƙashin na'urar har sati uku, ina ta yaba wa kaina dabara.

Na'ura ta ce ƙasa ta yi ja. Tauraro ya ce bai ga haka ba, don shi faɗin filin yake hange, ba 'yar shanyata ba. Dakta ta rubuta wa abokan aikinta na ƙasar waje cewa idon tauraro ya samu matsala.

Ranar taron sashe, wani malami ya ce a buɗe hotunan da na'urar ke ajiyewa (wallahi ban san tana ɗauka ba). Da aka haska su, sai ga ni a jikin bango, tsugune, daga ni sai singileti, ina baza barkono cikin natsuwa.

Wasu suka tuntsire da dariya. Dakta ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Malam, ya dai bushe ko?" Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ba a karɓi filin ba a shekarar, kuma har yau kunya nake ji in gaishe ta. Barkonon yana nan a buhu, na kasa sayarwa, na kasa ci. Yanzu in aka ce min kada komai ya taɓa wuri, sai na fara ƙirga kaina cikin koman.