Ɗakin da Ba Ya Yoyo

Gidan da na gada a Madarumfa yana da wani tsohon ɗaki da ya nutse ƙasa, sai ka sauka kafin ka shiga. Kowace damina bangonsa jiƙe yake, hatsi ya yi funfuna. Na ce bana sai na yi maganinsa, kuma ba ruwana da magini, tunda na kalli yadda ake yi a waya.

Na daɓe ƙasa da siminti, na yaɓe bango har kafaɗa. A kusurwa na ga wata kafa da ta ɓulle bayan gida. Na ce ga ɓarauniyar hanyar, na cusa mata dutse na shafe.

Gwaggo Hajo ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, rariyar kakanka ce fa."

Na ce, "Gwaggo, zamani ya canza. Ko ɗigo ba zai ratsa nan ba."

Gaskiya na faɗa. Ruwan farko ya kwararo daga tsakar gida ya shiga ta ƙofa, kuma ko ɗigo bai fita ba. Na tarar da shi har gwiwa, takalmana suna yawo, agwagin maƙwabci suna wanka cikin natsuwa.  Gwaggo kuwa kujera ta ɗauko ta zauna tana kallona ina kwarfa da ƙwarya.

Na fasa rariyar tuntuni. Amma har yau in na bi ta bakin tabki, masunta sai su rusuna su ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, yaushe za ka buɗe mana naka?"