Yadda Za Ka Ci Kofin Ƙungiya da Motar da Ba Ta Hawan Dutse

Kai da ke cikin ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Beirut, ga kakar inabi ta zo, za a yi jerin gwano zuwa gonakin bakin kogin Litani, motarka kuwa ko tudun ƙofar gida sai da lallashi: kwantar da hankalinka. Bi sawun maƙwabcina Mitri, kofi naka ne, ko tantama babu.

1. Goge waje, ka bar ciki ga Allah

Kwana uku Mitri ya yi yana goge Marsandinsa, wadda ta girme shi da shekara biyu. Bakanike ya ce lagireto ya huje. Mitri ya ce, "Wa zai leƙa lagireto a hoto?" Ka riƙe wannan, hikima ce.

2. Tashi a ƙarshe

Ka ce wa shugaba, Dakta Fauzi, kai za ka tsare baya saboda masu raunin mota. Za a yaba maka. A tsakiyar hawan dutse motar Mitri ta yi tari biyu, ta tafasa, ta mutu. Kada ka kuskura ka buɗe bonet! Fito ka riƙe ƙugu kana kallon kwari kamar gonar kakanka ce. Turi aikin uwargida ne. Nuhad, matar Mitri, ta cire takalmi mai tsini ta tura har gefen hanya, tana ambaton dangin Mitri ɗaya bayan ɗaya.

3. Nemi mai igiya

Wata akori-kura mai zuwa ɗaukar inabi ta tsaya. Direban ya zagaya motar, ya ce, "Yallaɓai, asibiti za mu kai ta ko maƙabarta?"

Mitri ya ce, "Ja mu kawai. Amma ka kwance mu kafin kwanar ƙarshe."

Daga kwanar gangara ce zalla. Haka Mitri ya sulalo harabar gidan matsar inabi, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya yana ɗaga wa jama'a. Dakta Fauzi ya ce, "Kai! Ku ji inji, ko numfashinsa ba a ji!"

4. Taka mai gaskiya

A teburin cin abinci a bakin kogi, in giyar mota ta ƙi shiga, ta inabi ba ta ƙi. Sunsuna kofi, lumshe ido, ka ce kana jin ƙamshin gangar katakon da aka adana ta a ciki. Sannan ka nemi wanda ya wahala. Abu Rami ne: ya hawo dutsen da ƙarfin injinsa, ya iso cikin hayaƙi, riga duk baƙin mai. Mitri ya ce, "Abu Rami, mota ka kawo mana ko gasa nama?" Aka kwashe da dariya. Abu Rami ya sunkuyar da kai, ya ture farantinsa. Nuhad ba ta yi dariya ba, tana duban kantar da ta fito mata a tafin hannu.

5. Karɓi kofi da tawali'u

Aka ba Mitri kofin motar da ta fi lafiya. Ya yi jawabi a kan riƙon amana. Sai Dakta Fauzi ya ce, bisa al'ada, zakara ne zai ja ayari zuwa gida. Mota talatin suka jeru a bayansa. Mitri ya murɗa makulli. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas. Har kukan kwaɗin kogi ana ji.

Nuhad ta sauke gilashi, ta ɗaga murya yadda na mota ta talatin zai ji: "Mitri, in sake turawa kamar ɗazu, ko a kira mai igiyar?"

A motar Abu Rami ta koma gida, a kujerar gaba.

Hattara: ni dai injin mota kawai na yi alkawarin rufa wa asiri. Bakin matar da ka sa turi a kan dutse ba ya cikin wannan darasi, kuma duk abin da ya fito daga cikinsa, kai da shi, ba ruwana.