Yadda Za Ka Zaga da Surukinka Arizona Har Ya Fasa Tarewa a Gidanka

Matarka ta ce mahaifinta zai zo "ya ga gari", sai kuma ka tarar da ita tana auna labule a ɗakin da kake kallon ƙwallo? Kwantar da hankalinka. Ni Eloy Barraza, haifaffen Tucson da ke hamadar Arizona a Amurka, na gwada wannan dabara a kan surukina Baba Norbert, mutumin Minnesota, wanda tun rasuwar matarsa ya gaji da kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, ya fara zancen sayar da gidan ya dawo wurinmu. Bi ni daki-daki, na yi maka alkawari ɗakinka zai tsira.

1. Kai za ka zaɓi watan

Kada ka kuskura ya zo a Janairu, lokacin da lemo ke nuna a kowane tsakar gida, tsofaffi na yawo da gajeren wando suna washe baki. Ce masa Yuli ne babu cunkoso. Ba ka yi ƙarya ba, don ko ƙadangare ba ya fitowa saboda zafi.

2. Ajiye mota a tsakiyar rana

A filin jirgi, wuce duk wata inuwa kamar ba ka gan ta ba. Kai ka sa safar hannun da ake sauke tukunya da ita ka riƙe sitiyari, shi kuma bar shi da ƙarfen bel ɗin kujera da rana ta gasa. In ya zabura, yi murmushi ka ce, "Ai Baba, zafinmu busasshe ne, ba ya damun mutum." Duk ɗan Arizona da wannan ƙaryar aka yaye shi.

3. Nuna masa kulawa

Kowace safiya ɗauki takalminsa ka zazzage a gabansa, ka leƙa ciki, ka ajiye ba tare da ka ce uffan ba. Ranar da ya tambaya, ce masa kunama ce, amma kada ya damu, ƙananan ne kawai ke kai mutum asibiti. Matata Darlene ta ce ina tsorata mata uba. Na ce ladabi ne, haka aka tarbiyyantar da ni.

4. Kai shi yawon buɗe ido, ka tafi da mataji

Zaɓi hanyar da ƙaya mai tsalle, mai maƙale wa duk wanda ya gifta, ta fi yawa, ka bar shi a gaba tunda shi ne babba. Da curi ɗaya ya maƙale a ƙaurin Baba Norbert, na durƙusa na taje masa shi a hankali. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, garin da ake taje ƙafa, me kuka gani a cikinsa?" A ranar na ji shi a waya yana ce wa dillali a dakata da maganar gida tukuna.

5. In ya zagi hamada, kama bakinka

Nan ne maza ke faɗuwa. Mu mutanen nan muna da wata cuta: mu wuni muna tsine wa garinmu, amma baƙo ya taɓa shi, sai jini ya hau. Baba Norbert yana cin abinci ya ce ƙasarmu tulin tsakuwa ce, kogunanmu suna ne kawai, Allah ma da ya zo nan gajiya ya yi. Na haɗiye ta farko, na haɗiye ta biyu. Sai na hango hadari ya haɗo a kan dutse. Ban san lokacin da na ce ya tashi ya shiga mota ba. Darlene ce ta miƙo mini makulli da saurinta, abin da ya kamata ya farkar da ni ke nan.

Muna isa gindin dutse ruwa ya kece. Jama'a sun fito daga motoci suna tsaye a cikinsa kamar yara. Daji ya ɗauki ƙamshin nan da ba ya tashi sai ruwa ya taɓa shi, busasshen kogi ya cika yana ruri, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare ta mayar da duwatsu jajir. Na juya in ce masa ga tsakuwar nan, sai na ga tsoho ya cire hula, ruwa na bin fuskarsa.

"Tun da uwar Darlene ta tafi," in ji shi, "ban ji ina marmarin gobe ba sai yau."

Tausayinsa ya kama ni. Dabarata dai ba ta da aibi, hadari ne ya yi mini shisshigi.

6. Kwashe kayanka da mutunci

Talabijin na shiga gareji in ka jingine kekuna waje guda. Sayi fanka babba.

Gargaɗi

Marubucin nan bai ɗauki alhakin ƙuna, ƙaya, harara daga uwargida ko asarar ɗaki ba. Sararin sama ba a hannunsa yake ba, bakinka ma haka. Mai ƙorafi ya same ni a gareji, amma ban da la'asar. Lokacin nake fita da Baba, kuma ba ya son a sa shi jira.