Amarya Da Gyara

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa, har sunayen jikokina nakan cakuɗa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Hajara gidan miji a Kafin Hausa ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. Na ce a rubuta har wurin kunyar, tunda wanda ya fi kowa iya ba da labarin nan, Malam mijina, ƙasa ta rufe idonsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan Dutse ta zama babban birnin jiha muka dawo unguwar Yalwawa a cikin garin, Malam ya samu aikin gadi. Ko'ina gini ake yi, sai na kama sayar wa magina abinci. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, ga yara, ga awaki. Duk wannan bai ishe ni ba. Biki, suna, zaman makoki, duk gidan da aka hura wuta a unguwar nan ni za ka tarar a gindin murhu. In na ji mata suna cewa, "Ai ita ba ta gajiya," sai kaina ya kumbura. (Ina gajiya mana. Akwai ranar da na juye wa awaki kokon magina, na ɗauki bokitin dusa na kama hanya.) A salla ma sai in rasa raka'a ta nawa nake. Wata rana kuma ina wanke-wanke sai in ga hawaye na zuba, babu wanda ya yi min komai.

Malam yakan ce, "Baiwar Allah, ki zauna mana ki huta."

In ce, "Malam, in na zauna wa zai yi?"

Ya ce, "Wanda zai yi ranar da kika faɗi."

Hajara 'yar aminiyata Tabawa ce, katanga ɗaya ta raba mu. Da ciwon Tabawa ya yi nauyi ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ranar da za a kai Hajara, ke za ki damƙa ta. Ki faɗa musu halinta, kada su ɗauka ba ta da kowa." Na ce na ɗauka. Ba a jima ba Allah ya yi mata rasuwa. A wajenmu kafin a shigar da amarya ɗakinta ana fara kai ta gaban uwar miji, wata babba daga nata ɓangaren ta ba da amanarta a gaban dangi. Shekaru ina ajiye da abin da zan faɗa: yarinyar nan in ta yi shiru ba raini ba ne, kunya ce. Ba ta iya cewa tana jin yunwa, sai an lura da ita. In aka ɗaga mata murya ba ta ramawa, ɗaki take shiga.

Allah ya kawo mata miji, wani malamin firamare da take so. Ni kuwa na ɗauki bikin nan na ɗora a kaina kamar babu sauran mata a Dutse. Daka ni, alkaki ni, dubulan ni, wainar ɗaurin aure ni. Maƙwabta su ce, "Kawo mu karɓe ki," in ce su bari, ba za su yi yadda nake so ba. Shekarun shari'a ne kuma, malaman unguwa sun ce a daina kai amarya bayan magariba, don haka komai sai an gama shi da rana tsaka. Duk satin nan ba na jin haƙarƙarina ya san tabarma.

Ranar kai amarya na ƙi yarda a je jere ba da ni ba. Na hau akori-kura da kayan ɗaki tun da safe, aka bar amarya za ta biyo baya da la'asar. Muka kafa gado, muka jera kwanuka a kabad. Bayan azahar sauran matan suka tafi sashen uwar ango cin abinci, na ce su yi gaba, bari in gyara zanin gado. Na miƙe shi, na zauna a baki-baki in ji ko katifar tana da laushi. Tana da shi. Ƙudaje suka dame ni, na ja mayafi na rufe fuska.

Sauran labarin daga baya aka ba ni shi. Motar amarya ta iso, aka kai Hajara gaban uwar miji, dangi suka cika tsakar gida, aka ce ina mai ba da amana? Aka duba madafa, aka duba bakin rijiya, aka leƙa bayan gida. Wata ta ce ƙila na bi akori-kura na koma ɗauko wani abu. Babu wadda ta yi tunanin leƙa gado, don babu wadda ta taɓa ganina kwance da rana. Da jira ya yi yawa, matar wani kawun Hajara da ta zo daga Garki, wadda ko halin yarinyar ba ta sani ba, ta miƙe ta ce, "To ga ta nan, Allah ya ba da zaman lafiya." Shi ke nan. Hajara tana ta kuka a cikin lulluɓi, kowa ya ɗauka kukan amare ne.

Guɗa ce ta tashe ni. Na yaye mayafi, na ga ɗaki cike da mata har ƙofa, ga amarya a tsaye an riƙo ta, ga ni a tsakiyar gadonta, ɗankwali ya yi gefe, yawu ya jiƙa sabon matashi. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "A sauke tukunyar nan!"

Kakar ango, wata tsohuwa mai sanda, ta matso ta ƙare min kallo ta ce, "Kai, mutanen Dutse akwai kirki. Amarya ɗaya muka nema, suka ba mu har da gyara."

Aka yi dariya har da masu zama a ƙasa. (Har yau akwai tsofaffi a Kafin Hausa da ba su san sunana ba, Gyara suke kirana.) Na ruga wurin uwar ango na faɗi abin da na tanada, amma taro ya watse, ita ma alwala take yi. Ta saurare ni da mutunci, sai dai ba haka Tabawa ta roƙe ni ba.

Da za mu tafi na shiga yi wa Hajara sallama. Ta riƙe bakin zanina ta ce, "Inna, ai tuwo kowa zai iya tuƙawa. Ni ke na yi ta nema." Dariyar mutane ba ta sa ni kuka ba, wannan ce ta sa ni.

Labari ya riga ni isa gida. Malam bai yi dariya ba sai da ya bari na gama kukana, sannan ya yi ta yi har da tari. Tun daga ranar, in an yi azahar sai ya shimfiɗa buzunsa a zaure, duk wadda ta zo nemana ya ce, "Tana wani aiki da babu mai iya yi mata, ki dawo da la'asar." Barci nake. Bukukuwan unguwa kuwa ba a fasa ko ɗaya ba, wainar ma ta yi daɗi, abin har ya ɗan ɓata min rai. Yanzu zauren babu kowa, da kaina nake tura ƙyaure, kuma kullum sai na tuna shi.

Da Hajara ta yi haihuwar fari na je suna ban taɓa ko ludayi ba. Na zauna kusa da uwar mijinta, jariri a cinyata, dangi kewaye da mu, na faɗa musu halin 'yar Tabawa daga farko har ƙarshe. Uwar mijin ta ce, "Ai mun riga mun gane, Hajiya." Na ce duk da haka sai na faɗa.

Abin da na koya dai, in jikinka ya roƙe ka hutu ka ba shi tun yana roƙo. In ka ƙi, da kansa zai zaɓi lokaci da wuri, kuma ba ya shawara da kowa. Nawa gadon amarya ya zaɓa.