Turancin Mamuda da Rijiyar Mai Unguwa

Mu biyar ne a gidanmu a Tungar Kuka: ni, da maigidana Malam Haladu mai gyaran keke, da 'yan mata biyu, sai Mamuda. Shekararsa ashirin da shida, ƙarfi kamar sa, amma in ka ce ya tsaya nan har ka dawo, ko ruwan sama bai isa ya matsar da shi ba.

Bana wata ƙungiya ta ce za ta haƙa mana rijiyar burtsatse, kuma za ta ɗauki mutum ɗaya mai kula da famfo, wanda ya ɗan san halin Turawa. Babansa ya ce in Mamuda bai samu aikin nan ba, Ikko zai tura shi dako. Mutumin da ya taɓa ɓata a kasuwar garinmu, shi za a kai Ikko. Tun daga ranar tuwo bai sake yi mini daɗi ba. Na ja shi zuwa wajen Malam Basiru, malamin firamare, ya koya masa Turanci ko ɗan kaɗan ne.

Malam Basiru ya ce, "Bature ba ya jan magana. In zai faɗi abin da yake so ko yadda ya ga abu, kalma biyu yake haɗewa su zama ɗaya, ya haɗiye tsakiyarsu. To ka gajarta, ka faɗi son ranka, ka faɗi ra'ayinka. Ka riƙa gwadawa ko da Hausa ne, bakinka ya saba." Wannan ta ƙarshen ita ta kashe mu.

Wata rana aka yi rasuwa a gidan Liman, babansa ya aike shi gaisuwa. Dattawa na zaune a kan tabarmi, ana ta ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ana shafa fatiha. Mamuda ya tsaya a kansu, ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Haƙuri." Ya juya. Liman ya kira shi, "Ɗan Haladu, shi ke nan?" Ya ce, "Sauran na haɗiye." Ni na je da yamma na yi gaisuwar da ya haɗiye, har da ƙari.

Wata rana ya je gaida ƙanwar babansa, Gwaggo Asabe. Ta ce, "Ɗana, me za a kawo maka?" Kowa ya san amsar nan, a ƙoshe nake, ko ruwa ma ya isa. Mamuda ya dubi tsakar gida ya ce, "Zan so kazar can, mai wake-wake." Ita ke nan gare ta mai yin ƙwai. Kunya ta hana Gwaggo janye maganarta, aka yanka. Ya cinye, ya suɗe kwano. Ta ce da shi cikin ɗacin rai, "To, ya ka ji miyar?" Ya ce, "A ganina ta Innata ta fi." Har yau in mun haɗu a biki, gefen da ba ni take kallo.

Na koma wajen Malam Basiru kamar zan yi kuka. Ya zaunar da Mamuda ya ce, "Ba haka ba ne. Bature yana tausasawa. Ba ya cewa yi kaza, sai ya ce da so samu ne. Kuma ba ya faɗin ra'ayi sai an tambaye shi."

Wata rana da hantsi Mamuda ya tarar da maƙwabcinmu Tanimu yana dara a gindin bishiya. Ya tsaya a gefe, hannu a baya, yana jira. Sai da aka gama zagaye guda Tanimu ya ɗago. "Kai kuma lafiya?" Ya ce, "Da so samu ne, da ka leƙa bayan gidanka." "Don me?" "Ra'ayina kake tambaya?" "E, shi." "A ganina harawarka tana ci da wuta." Ɗauri uku aka tsirar. Tanimu ya ce da ni in ɗana ya ƙara karatu, garin nan sai toka.

Ranar da Baturiyar ƙungiyar ta zo da tafintanta, babansa ya riga ya ɗaure masa kayan tafiya a buhu. Na ce, "Mamuda, don girman Allah kada ka buɗe baki sai an tambaye ka." Na ɗauka babu mai tambayarsa. Mai Unguwa Barau ya kai su inda ya zaɓa a haƙa rijiyar, daidai jikin katangarsa. Masu neman aikin su huɗu ne a jere. Baturiya ta sa a tambayi kowa yadda ya ga wurin. Na farko ya ce abin da ranka ya daɗe ya gani shi ne daidai. Na biyu ya maimaita. Na uku har da rusunawa. Aka zo kan Mamuda.

"Ra'ayina ake tambaya?"

Tafinta ya ce e.

"A ganina nan tsohon ramin masai ne na gidan Mai Unguwa. Ni na cike shi bara. Da so samu ne, ba zan sha ba."

Duk wanda ke wurin ya san da haka, ni ma na sani. Mai Unguwa ya ce yaron nan taɓaɓɓe ne. Baturiya ta sa a kawo shebur. Ba a yi nisa ba kowa ya ja da baya yana toshe hanci, har wanda ya rusuna ɗin.

A bayan makaranta aka haƙa rijiyar, Mamuda aka ba mabuɗin famfo. Tafinta ya ce wai shi kaɗai ne ya yi magana irin ta mutanen garinsu, alhali ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta fito daga bakinsa ba. Babansa ya kwance buhu.

An ce wa Mamuda wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗiba. Jiya uwargidan Mai Unguwa ta zo da bokitinta ta wuce gaba. Ya mayar da ita bayana, mutum na goma sha ɗaya.