Yadda Za Ka Riƙe Kujerarka a Ofishin da Na'ura Ke Gyara Kanta

Idan ka bi matakan nan bi da bi, ba ka tsallake ko ɗaya ba, to babu manajan da zai iya kallon tsabar idonka ya ce maka an gode, je ka gida. Wannan tabbas ne, babu wataƙila a ciki. An gwada su a jikin mutum mai rai, kuma har yau yana shan shayinsa a kan kujerarsa.

A ofis ana kiransa Kashe-Kunna, domin shekara da shekaru maganinsa ɗaya ne ga kowace na'ura: ya kashe, ya ɗan jira, ya kunna. Aikinsa kula da rumbun bayanai na wani kamfanin kai kaya. Rumbun irin wanda ke ajiye kowace oda a matsayin takarda guda ne, da sunan mai kaya da adireshinsa da abin da ya aika, duk a wuri ɗaya. Idan ya faɗi, direbobi su yi cirko-cirko a farfajiya, wayoyi su ɗauki ƙara, kowa ya yi ta ƙwala wa Kashe-Kunna kira. Yana jin daɗin kiran nan har cikin ransa. Haka ake tafiya har aka kawo sabon tsari.

Mataki na 1: Ka san abokin gabarka

A sabon tsari, rumbun yana zaune ne a cikin kwantenoni. Ba na ƙarfe irin na bayan tirela ba, ƙananan ƙunshin manhaja ne da ake iya zubar da ɗaya a ta da wani a wurinsa. A kansu akwai babbar manhaja mai kula da su, wadda 'yan ofis suka laƙaba wa suna Madugu.

Ga inda matsalarka take. Madugu ba a ba shi umarni. Ba ka ce masa ɗauki wannan, ajiye wancan. Fayil guda kake rubutawa ka bayyana yadda kake so abu ya kasance: rumbu ya zama kwafi uku, kowanne da girma kaza, wane da wane kaɗai ke da izinin shiga. Shi ke nan. Madugu ya dubi fayil, ya dubi abin da ke ƙasa, duk inda suka saɓa ya daidaita. Kwafi ɗaya ya mutu, ya ta da wani, bai tambayi kowa ba.

Kashe-Kunna da hannunsa ya rubuta fayil ɗin, da gumi da ciwon wuya, kuma ranar da ya yi aiki har rawar kafaɗa ya yi shi kaɗai. Bayan 'yan kwanaki yana cin abinci a teburinsa, sai kwafi ɗaya ya faɗi. Kafin ya goge hannu, kwafin ya tashi. Ya zauna da tsumma a hannu yana kallon allon kwamfuta, gabansa na faɗuwa. Tsoro ne ya kama shi, na gaske, irin na magidanci mai furfura a gemu da yara a makaranta, wanda ya gane cewa ya rubuta abin da zai maye gurbinsa kuma ya rubuta shi da kyau.

Idan kai ma ka ji wannan faɗuwar gaba, madalla, ka cancanci mataki na gaba.

Mataki na 2: Ka auri kalmar "an"

Daga yau ka haramta wa bakinka "da kansa". Kada a ji ka ce ya gyara kansa, ya tashi da kansa. Kalmarka ita ce "an".

Manaja ya leƙo, mutum ne mai saurin magana da saurin mantuwa, ya ce, "Na ji an ce rumbu ya ɗan yi tari ɗazu. Wa ya gyara?"

Kashe-Kunna ya sunkuyar da kai ya ce, "An shawo kansa, ranka ya daɗe."

Lura da kyau, bai yi ƙarya ba. An shawo kansa ɗin. Wanda ya shawo ne dai ba a ambata ba, kuma Manaja ya ɗauka tawali'u ne. Har a wajen taro ya ce ma'aikata su yi koyi da bawan Allah nan da ba ya cewa "ni". Masana sun daɗe da gano cewa rabin mutuncin ofis a kan kalmar nan yake tsaye, sauran rabin a kan tafiya da sauri da takarda a hannu.

Mataki na 3: Ka riga Madugu isa

Sa ƙararrawa a wayarka, mai ƙarar da za ta firgita na kusa da kai. Da ta yi kuka, zabura. Ture kujera, naɗe hannun riga, buɗe baƙin allo mai koren rubutu, ka hau dukan kibod. Abin da kake rubutawa ba shi da muhimmanci. Kashe-Kunna yakan sa kwamfuta ta jero masa sunayen fayiloli, ya goge, ya sake sa ta jero. Daga nesa abin gwanin ban tsoro.

Sirrin yana ga lokaci. Madugu ba ya ɓata lokaci, saboda haka dole yatsunka su kasance a kan kibod kafin ya gama. Da ka ga kwafin ya tashi, daki babban maɓalli sau ɗaya da ƙarfi, jingina da baya, saki dogon nishi. Kada ka kalli kowa, su za su kalle ka.

Mataki na 4: Idan ya ƙi faɗuwa, taimaka masa

Wani lokaci rumbu zai yi ta zama lafiya ƙalau, babu ko atishawa. Wannan hatsari ne babba, domin ofishin da ya daɗe bai ji kururuwa ba yakan fara tambayar aikin me wane yake yi.

Sai ka kashe kwafi ɗaya da hannunka. Ɗaya kawai, kada ka yi haɗama. Cikin ukun akwai shugaba, wanda ke karɓar sababbin oda, shi za ka zaɓa. Da ya faɗi, sauran biyun za su yi zaɓe nan take su naɗa sabo, ba kamfe, ba zuwa kotu. Ba odar da za ta ɓata, amma ƙararrawa za ta yi kuka, kuma ita kake nema. Ka daidaici lokacin da Manaja ke wucewa zuwa ɗakin shayi.

Gargaɗi: kada ka yi jayayya da fayil. Wata rana Kashe-Kunna ya so ya ja wasan ya yi tsawo, ya bi ta bayan fage ya rage kwafi zuwa biyu ba tare da ya taɓa fayil ba. Madugu ya dubi fayil, ya ga uku, ya mayar da uku. Ya sake ragewa, Madugu ya sake mayarwa. Suka yi ta yi har shayinsa ya huce. Madugu ba ya gajiya, ba ya fushi, kuma babu mai jiransa a gida. Kashe-Kunna ne ya haƙura.

Mataki na 5: Hutu ba naka ba ne

Mutumin da ya tafi hutu ya dawo ya tarar ba abin da ya lalace, ya tona wa kansa asiri. Saboda haka duk lokacin da aka ce ka huta, girgiza kai cikin takaici ka nuna kwamfuta da haɓa.

A gida za a yi ƙorafi. Matar Kashe-Kunna ta tare shi a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi, ta ce, "Baban yara, wai kai kaɗai aka haifa wa kamfanin nan? Yaran nan sun gama hutu sun koma makaranta ba ka kai su ko bakin titi ba."

Ya ce, "Ke ba za ki gane ba. In na ɗaga ƙafa, komai rushewa zai yi."

Ta ce, "To Allah ya ba rumbu lafiya, mu ma mu samu ragowarka."

Maganar ta tsaya masa a rai har cikin mota. Kai kada ka bari ta tsaya maka.

Mataki na 6: Tsorata mai leƙe, amma kada ka yi bayani mai kyau

Duk wanda ya ce a nuna masa fayil, nuna masa daga nesa. Ka gaya masa cewa a fayil ɗin nan hatta tazarar da ke farkon layi tana da ma'ana, ya ƙara guda ɗaya bisa kuskure, Madugu ya ƙi karɓa ko ya fahimci wani abu dabam. Wannan gaskiya ce tsantsa, shi ya sa take aiki. Mai leƙe zai ja da baya ya sa hannu a aljihu.

Nan ya kamata ka yi shiru. Kashe-Kunna bai yi ba. Wata rana Manaja ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya nuna wani layi da bakin biro ya ce, "Wannan ukun fa, na mene ne? Ɗaya bai isa ba?"

Daɗin samun mai sauraro ya kwashe shi. Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, abu mai muhimmanci ba a barinsa guda ɗaya. In ɗaya ne ya faɗi, mun shiga uku. In uku ne ɗaya ya faɗi, ba wanda zai ma sani. Lambar nan kawai ake canzawa, ka rubuta biyar a ba ka biyar, ka rubuta biyu a janye ɗaya."

Manaja ya kaɗa biro. Mutumin da ke mance abin da aka gaya masa da safe, wannan ta zauna masa daram. Ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To kai, ku nawa ne?"

Mataki na 7: Idan aka kawo maka abokan aiki, yi murmushi

Ba a daɗe ba Manaja ya shigo da mutum biyu. Wata mata mai tabarau, wadda da ganinta ta daɗe tana aikin, da wani dogon mutum da ba ya magana, wanda kafin azahar aka sa masa suna Shiru. Manaja ya ce, "Ga su nan. Koya musu duk abin da kake yi in rumbu ya faɗi."

Kashe-Kunna ya yi murmushi. Ya ce bari ya fara haɗa musu shayi. Yana can ƙarshen ɗaki da kofi a kowane hannu, sai ƙararrawa ta yi kuka. Wannan karon ba shi ya kashe ba, faɗuwar gaskiya ce. Tsakaninsa da kibod akwai tebura biyu da kwandon shara. Su ukun suka zuba wa allo ido. Alamar rumbu ta tashi daga ja ta koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa ya koma kore, ba wanda ya taɓa komai. Ya tsaya da kofuna a hannu, ya ji kunya har tafin ƙafarsa. Ga kuma takun Manaja a baranda, yana tahowa da sauri.

Mai Tabarau ta dubi allo, ta dubi Kashe-Kunna, ta dubi ƙofa. Sai ta faɗa kan kujera ta hau dukan kibod, ta daka wa Shiru tsawa, "Riƙe min wayar can, kada ka saki!" Shiru ya naɗe hannun riga ya durƙusa ya damƙe wata waya da hannu biyu. Wayar lantarkin butar shayi ce.

Manaja ya faɗo ɗakin yana haki. Mai Tabarau ta daki babban maɓalli, ta cire tabarau ta goge ido ta ce, "An shawo kansa, ranka ya daɗe."

Bayan ya fita yana sa musu albarka, ta juyo ta ce, "Malam, miƙo shayin kafin ya huce. A inda na baro ma Madugu gare mu, kuma ni ma ina da masu cin abinci a gida. Shawara ɗaya dai, an ce nishinka yana yin yawa. Rage shi."

Shiru ya saki wayar buta ya gyaɗa kai.

Mataki na 8: Karɓi hutun da aka tilasta maka

Yanzu babu sauran uzuri. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Je ka huta, bawan Allah. Yanzu ko ba ka nan ba wanda zai ma sani." Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin alheri ya yi masa.

Kashe-Kunna ya tafi gida. Ya kai yara makaranta, ya gyara ƙofar kicin da ta daɗe tana ƙara, ya zauna a falo da waya a kan gwiwa. Ba ta yi ƙara ba. Ya duba ko caji ne ya ƙare, ya tarar a cike take. Da abin ya ishe shi, ya kira ofis da sunan ya manta tabarmar sallarsa.

Mai Tabarau ta ɗauka ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ya faɗi da safe, ni da Shiru muka yi abin da ya kamata. Manaja har lemo ya aiko mana."

Ya ce, "Ba a neme ni ba?"

Ta ce, "Huta abinka, Malam."

Matarsa ta fito daga kicin ta gan shi riƙe da waya yana kallon bango. Ta ce, "Me ya faru a ofis ɗin?"

Ya ce, "Ba abin da ya faru."

"To me ya sa ka yi haka da fuska?"

"Ai shi ne na gaya miki. Ba abin da ya faru."

Ta dube shi na ɗan lokaci. Ba ta yi masa dariya ba, ko da yake ta samu dama. Ta zare wayar daga hannunsa ta kife a kan tebur, ta zauna kusa da shi.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin komai: ko rumbun da ya faɗi bai tashi ba, ko shayin da ya huce, ko abokin aikin da ya fi ka iya wasan. Duk wanda ya gwada, shi ya sa kansa. Kujerar Kashe-Kunna tana nan, ya koma ya same ta, domin a lissafin Manaja masu kula da rumbu uku ne kuma yana cikin ukun. Sai dai kada wanda ya zo yana tambayar marubuci har zuwa yaushe. Uku da yatsa ɗaya ake mayar da ita biyu, kuma Manaja yanzu ya san layin da ake taɓawa.