Yaƙin Sallau da Minti Ɗaya

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin Sallau ɗan Gambo ɗan Jatau, jikan mazajen da suka yi wa kekunan Funtuwa faci tun kafin zuwan kwalta. Sallau gagara ƙusa, ginshiƙin majalisa, wanda bai taɓa wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba.

A shekarar da ya shiga ajin Turanci na manya tare da maiɗakinsa Delu, Malama Jummai ta zartar da hukunci: kowa ya ɗauki kansa a waya yana ba da labari da Turanci, minti ɗaya cak, yana cika manhajar wayar ta yanke. Wanda ya kasa, ya maimaita aji. Delu kuwa tun ranar ta tura nata tana tankaɗe, labarin kazarta da shaho. To fa! Delu ta wuce, maigida ya zauna? Ai majalisa ɗanye za ta cinye shi.

Sai gwarzo ya yi ɗamara. Kwana bakwai yana haddar ƙissar ranar da ya fatattaki ɓarawon famfon keke, yana karanta wa tayoyi, har Turanci ya miƙa wuya. Ranar gumurzu ya zuba babbar riga, ya kafa hula, ya jingina waya da gwangwanin gam, ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko Turanci!" Ya danna.

Amma fa ɗan mutunci ba ya afka wa malamarsa da labari babu gaisuwa, ai ba a daji aka haife shi ba. Cikin Turanci garau ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, da maigida, da yara, da aiki, da zafi, da jikin surukarta. Ya buɗe baki ke nan zai ambaci ɓarawo, minti ya cika. Sau goma sha ɗaya yana sake kai farmaki, yana rage gaisuwa kamar mai yankar naman jikinsa. A na ƙarshe ya sadaukar da zafi da surukar, ya kai ga "Wata rana". Ya tura.

Washegari amsa ta iso, Delu na gefe tana danne dariya.

"Malam Sallau, kowa lafiya lau, na gode. Turancinka ya yi kyau ƙwarai. Labarin kuma sai baɗi, in ka maimaita aji."

Delu ta ce, "Maigida, in bar maka littafina?"